Tambaya: bcrypt na yanke doguwar kalmar sirri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Manhajar lissafin kaya ce ta wasu shaguna a Kantin Kwari, an rubuta ta da harshen shirya manhaja na PHP, tana adana kalmar sirri da bcrypt, wato hanyar rikiɗar da kalmar sirri ta yadda ba za a iya karanta ta ba. Matsalar ita ce bcrypt ba ya duba abin da ya wuce bayit 72 (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai a kwamfuta), kuma ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci a UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta. Shi ya sa doguwar jimlar Hausa, ko an canza kalmar ƙarshe, sai asusun ya buɗe. Sabar da manhajar ke kai kuwa ba ta da Argon2id, wata hanyar da za a iya amfani da ita maimakon bcrypt.

In aka fara ratsa kalmar sirrin da SHA-256 (mai mayar da kowane rubutu zuwa tsayi ɗaya) sannan base64 (mai mayar da sakamakon zuwa haruffa), ta koma haruffa 44 kafin a ba wa bcrypt, hakan ya wadatar? Tsofaffin asusun fa, yaya za a bambance su da sababbi ba tare da tilasta wa kowa canza kalmar sirrinsa ba?