Abincin makaranta kyauta ne, to in daina ba yara kuɗin kashewa?

Maman Rabi, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, ku yi mini haƙuri idan ta yi tsawo.

Ni koko da ƙosai nake sayarwa a nan Aboabo ta Kumasi, ƙasar Gana, maigida kuma aboboya yake tuƙawa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana ɗauko kaya daga kasuwar Kejetia. Yaranmu uku, biyu suna firamare, ƙaramar tana goye, watanta tara. A da manyan suna wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa, amma wannan zangon mun mayar da su ta gwamnati, domin kuɗin ya fi ƙarfinmu. Abin da ya ƙara ja na shi ne an ce a can ana dafa musu abincin rana kyauta. Sai na lissafa cewa sidi biyar-biyar ɗin da nake ba su kowace safiya za ta zauna a gwangwanina.

To ga shi suna dawowa da yunwa. Rabi ta ce yau shinkafa da jar miya, gobe gari da wake, jibi a koma shinkafa, kuma ludayi ɗaya ne. Na tambaye ta kifi fa, sai ta yi mini dariya. Maigida ya ce kwaɗayi ne kawai, a daina ba su ko sisi tunda gwamnati ta ɗauki nauyi. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Nawa ne gwamnati take biya a kan kowane yaro? Wa yake yanke abin da za a dafa? Abincin zai iya riƙe yaro har la'asar, tunda daga can makarantar allo suke wucewa?

Sai ta biyu. Na kai ƙaramar awo, nas ta ce nauyinta ya tsaya, kuma da alama jininta ya yi ƙasa. Ita ma akwai wani abin da gwamnati take ba irinsu, ko sai ta isa shiga makaranta?

Hajiya Mai Tukunya, Sawaba:

Wa alaikumus salam, Maman Rabi. Ki ce wa maigidanki Hajiya tana gaishe shi, amma yaran nan ba kwaɗayi suke yi ba. Na yi shekaru ina wannan girkin kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in buɗe miki tukunyar ki gani.

An fara shirin ciyar da 'yan makaranta a 2005, zamanin Shugaba Kufuor, da makarantu goma kacal, ɗaya a kowace jiha ta wancan lokacin. Yanzu yana ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da yara. Alkawarinsa kwano ɗaya ne mai zafi a kowace ranar makaranta, ga 'yan nazare da firamare na gwamnati, kuma ba dukkan makarantu ba, sai waɗanda aka sa a jerin. Lokacin da nake ciki, sidi ɗaya ake lissafa wa yaro, a cire haraji, ya rage pesewa 97, tunda pesewa ɗari ce sidi ɗaya. A 2023 aka kai shi sidi ɗaya da pesewa 20, daga baya ɗaya da rabi, sannan kasafin kuɗin 2025 ya kai shi sidi biyu.

To ke 'yar kasuwa ce, yi lissafin da kanki. A cikin sidi biyun nan ne shinkafa, mai, tumatir, albasa, gawayi ko itace, ruwa, kuɗin ɗauko kaya, da ladan matan da ke taya ki wanke-wanke. Ƙwai guda ɗaya a shago ya haye sidi biyu. Ina kifi zai fito? Akwai jadawalin abinci a rubuce, da ƙwai da kifi da ganye a ciki, yana da kyau a takarda ƙwarai. Amma tsarin shi ne mai girki ta fara dafawa da kuɗinta, a biya ta daga baya, wani lokaci sai zango ya ƙare. Wadda ba ta da jari sai ta ɗauki buhu bashi, mai buhu kuma ya ɗora nasa a kai saboda jira. Ki tuna a Disambar 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari, kuɗin yaro kuma bai motsa ba. Abin da ya sa masu girki suka ajiye ludayi a 2022 da 2023 ke nan, kin dai ji a rediyo.

Ba na wanke kowa. A cikinmu akwai masu tsoron Allah, akwai kuma wadda za ta tsinka miya har ki ga gindin kwano. Amma ko waliyyiya ce, sidi biyu sidi biyu ne.

Shawarata, kada ki daina. Ki rage kuɗin, ki maye gurbinsa da abinci daga hannunki. Ke da ƙosai yake fitowa daga kaskonki? Ki ƙulle musu uku-uku a jaka, wake ne, shi ne abin da kwanon makarantar ya rasa. Sidi biyar a hannun yaro ba ya zama abinci, alewa yake zama.

Sista Hawa, Asawase:

Hajiya ta gama da manyan. Ni ta goyen ce ta fi damuna, Yaya, kuma ita kika sa a ƙarshe.

Aikina ke nan, awon yara. Shirin ciyarwar makaranta ba ya kaiwa ga yaro sai ya kai shekara huɗu ya shiga nazare, alhali ɓarnar rashin abinci mai gina jiki tana faruwa ne tun daga ciki har zuwa shekara biyu. Yaron da ya tsumbure a wannan tsakanin, da wuya kwanon makaranta ya dawo masa da abin da ya rasa. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin yaran Gana 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma kusan ɗaya cikin shida bai kai tsayin shekarunsa ba. Saboda haka 'yarki ba ita kaɗai ba ce, kuma abu ne mai gyaruwa a watanta tara.

Abin da gwamnati take bayarwa a wannan shekarun ba buhun abinci ba ne. Awo da rigakafi kyauta ne, da ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata shida har shekara biyar. Ki duba littafin awonta ko an rubuta an ba ta. Ki tabbatar katin inshorar lafiyarta yana aiki, domin a gwada jinin a san gaskiya, a kuma duba zazzaɓin cizon sauro, shi ma yana shan jinin yara. Akwai tallafin kuɗi na gwamnati da ake kira LEAP, wanda aka fara a 2008, amma na gidajen da aka tantance ne a matsayin masu tsananin talauci, ba kowa yake samu ba. Sauran kuma doka ce da ba a gani da ido: tun 1996 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri, kuma ana ƙara sinadarai a fulawa da man girki na kamfani. Shi ya sa nake ce wa mata su sayi gishirin leda mai tambari, su bar na awo da ke shan rana a faranti.

Yanzu tambayata, me take ci? Na san amsar gidan mai koko. Koko zalla da sukari yana cika ciki, amma ruwa ne ya fi yawa. Ki yi mata gari na musamman: kashi huɗu masara, kashi ɗaya wake da gyaɗa a haɗe, a soya sama-sama kowanne daban, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, a niƙa. Ki dama da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. Ki daka busasshen ƙaramin kifi har da ƙashinsa ya zama gari, ki riƙa barbaɗa cokali ɗaya a ciki. Tuwo mai laushi da miyar ayoyo ko zogale ko kontomire, wato ganyen gwaza, ɗan manja, ƙwai dafaffe idan ya samu, hanta ko sau ɗaya a mako. Lemu ko gwanda bayan abinci suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, wanda yake ƙara jini. Shayi kuwa yana hanawa, kada a ba ta, ko kakarta ta ce ana ba kowa. Sau uku zuwa huɗu a rana, a kwanonta ita kaɗai don ki ga abin da ta ci, kuma nono ya ci gaba har shekara biyu. Ki dawo da ita awo wata mai zuwa, kada ki jira ranar allura.

Malam Ɗan Tafo:

Ni malamin firamare ne, kuma zan ɗan saɓa wa Hajiya. Kwanon nan ƙarami ne, gaskiya, amma na ga ajin da yake cika ranar da aka dafa, ya rame ranar da ba a dafa ba. Akwai yaran da shi ne abincinsu na farko a yini. Da babu gara ba daɗi.

Inda nake ganin gwamnati ta yi rabin aiki shi ne bakin ƙofar makaranta. A 2023 an sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemukan kwalba da na kwali masu sukari, a shekarar kuma aka fitar da jagorar cin abinci ta ƙasa, mai cewa a rage sukari da gishiri da mai. Madalla. Amma ki tsaya a ƙofarmu lokacin tara ki ga teburan: lemon leda mai kala, biskit, taliyar leda da yaji. Haraji ya ɗaga farashin na kwalba, yara sun koma kan na leda mai arha, kuma ayaba da lemu ba su sauko ba. Da kuɗin harajin nan za a juya cikin tukunyar Hajiya, da ƙwai ya shiga. Ga kuma siyasa: a 2025, bayan sauyin gwamnati, an soke kwangilar masu girki aka ɗauki sababbi. Wadda ba ta san ko za ta kai baɗi ba, yaya za ta ƙulla ciniki mai ɗorewa da manomin wake a Ejura? Alhali tun farko manufar shirin ita ce a sayi amfanin gonar gida.

Maman Rabi, ki zo taron iyaye da malamai. Kowace makarantar da ke cikin shirin ya kamata tana da kwamitin da ke sa ido a kan abincin, da wakilan iyaye a ciki. Ki nemi a nuna miki jadawalin, ki tambayi su wane ne wakilan. Mu a Zango mun fi iya ƙorafi a majalisar shayi, ranar taro kuma sai ka ƙirga iyaye da yatsun hannu.

Maman Rabi, Aboabo:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na karanta wa maigida amsar Hajiya, ya yi shiru a wurin pesewa 97, sannan ya ce a bar musu sidi biyu-biyu na ruwa, ƙosai kuma daga kaskona. Sista, shayin nan kam ana ba ta, kakarta ce take ɗura mata da safe idan ina bakin tebur. Yadda zan faɗa wa Mma ba tare da ta ce na raina ta ba, shi ne aikin da ke gabana. Malam, taron ranar Juma'a ake yi da safe, lokacin da ciniki ya fi tafiya, amma zan bar wa ƙanwata tebur in zo.

Hajiya, wane kifi ne ya fi dacewa da garin, kuma ina zan same shi da sauƙi?

Hajiya Mai Tukunya, Sawaba:

Ƙananan nan busassu da ake aunawa da gwangwani, ko amani, kifin nan na teku, idan ya samu. Ki shiga babbar kasuwa wajen masu kifi da sassafe, kada ki saya a unguwa, ninki ne. Ki cire kawunan saboda yashi, ki ɗan gasa a kasko ya bushe ƙarau kafin ki daka, ki zuba a kwalba mai murfi. Batun Mma kuwa, ki tafi da ita awo na gaba, ki bar nas ta faɗa mata da bakinta.