Tsofaffin kantunan bakin tasha a Kaura Namoda: a rushe ko a gyara?

Ɗan Tasha: Jama'a ni dai ra'ayina tsofaffin kantunan ga da sito-sito na wajen tashar jirgi ba tarihinmu ba ne, na Turawan mulki ne. A rushe su a yi filaza matasa su samu shaguna. Tarihin Kaura shi ne Namoda da jihadi, ba siton gyaɗa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Haba ɗana, to wa ya noma gyaɗar? Wa ya ɗauko ta bisa jakkai da raƙuma daga wajen Zurmi da Shinkafi har bakin sikeli? Tun da jirgi ya iso Kaura a 1929 nan ne ƙarshen layin da ya taso Zariya ya biyo Funtua da Gusau, shi ya sa masu awon gyaɗa da auduga sunka taru nan zamanin kamfanonin Turawa su UAC da John Holt, garin ya cika ya batse. Gumin iyayenmu ne cikin ginin ga wallahi.

Ɗan Tasha: Hajiya ki yi haƙuri, ai gumin nasu ne ke mani ciwo. Mai saye shi ka yanka farashi, manomi ya koma gida da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Kuma yanzu jirgin ma ba ya zuwa.

Malam Magini: Ƙanena bari batun Bature tukuna, ka shiga irin ginin ga da rana tsaka cikin Afrilu ka ji. Bango mai kauri, rufi can sama, ga baranda mai cin mutane da kayansu, babu fanka amma iska na ratsawa. Filazar yanzu bulo inci shida ne da kwano dab da kai, in an ɗauke wuta mai shago waje yake zama. Matsawar bango bai tsage ba, canza kwano da katako kawai za a yi a raba ciki shago-shago.

Ɗan Tasha: Malam wa za ya biya? Mai gini na son haya, filaza hawa biyu ta ninka mashi shaguna.

Hajiya Mai Atamfa: Ya gina hawa biyun ta baya inda ke da fili, ya bar fuskar da ke kallon titi.

Malam Magini: Kafin nan a bincika wane na hukumar jirgin ƙasa ne, wane na magada, don kowane da mai takardarshi.

Ɗan Tasha: Wanga na yarda, a bincika. Amma wanda bangonshi ya riga ya tsage ban ga dalilin barinshi ya faɗo ma yara ba.