Tsoffin hannu ko matasa: da wa ya kamata ƙungiyar besbol ta dogara?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni sanin wasan besbol na Amurka, domin mu masu binsa a Zariya ba mu da yawa, kuma yawancin wasannin sai wajen ƙarfe goma sha biyun dare suke farawa a agogonmu. Ni mai goyon bayan Baltimore Orioles ne. A 2021 ƙungiyar ta sha kashi a wasanni 110, amma a 2023 ta ci 101 da matasan da suka taso a hannunta, irin su Adley Rutschman da Gunnar Henderson. Sai dai da aka shiga zagayen fitar da gwani, Texas Rangers ta yi waje da ita cikin wasanni uku a jere, a 2024 kuma Kansas City Royals ta yi mata haka cikin biyu. Shin rashin gogaggun 'yan wasa ne ya jawo wannan, ko kuwa haƙuri ya kamata a ƙara yi da yaran?

Malamin Kongo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a yi maganar tsoho da yaro, a fara duba tsawon kakar. Kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 cikin kimanin wata shida, kusan kullum ke nan, kuma a mafi yawan kakar 'yan wasa 26 kawai aka yarda ta riƙe a lokaci guda, waɗanda masu jifa (wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo) a cikinsu ba za su wuce 13 ba. Babu ƙungiyar da take gama kaka da mutanen da ta fara da su, saboda rauni ba ya sallama, musamman a gwiwar hannun masu jifa. Shi ya sa ni nake fara duba babban jerin 'yan wasan ƙungiya na mutum 40, wanda ya haɗa 26 ɗin nan da na ajiya, domin daga nan ake ɗauko wanda zai toshe gurbi.

Ka tuna Atlanta Braves a 2021. A watan Yuli babban tauraronsu Ronald Acuña ya tsinke jijiyar gwiwa, aka ɗauka kakarsu ta ƙare. Maimakon su naɗe hannu, kafin watan ya fita sun ɗauko gogaggun masu tsaron bayan fili har huɗu, wato Joc Pederson da Adam Duvall da Jorge Soler da Eddie Rosario, ba tare da sun rabu da manyan matasansu ba. Su ne suka ɗauki kofin World Series, wato karon ƙarshe na fitar da zakara, a shekarar, Soler kuma ya zama gwarzon gasar. Ba banza ba Hausawa suke cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Alhajin Tudun Wada ya amsa:

Malam, na yarda da kai, amma da sharaɗi. Mutanen nan huɗu ba su zo da doguwar yarjejeniya ba, don haka ko da sun gaza, asarar kaɗan ce. Abin tsoro shi ne a ɗaure ƙungiya shekara goma da mutumin da ya riga ya haura talatin. A ƙarshen 2011 Los Angeles Angels ta ba Albert Pujols kwantiragin shekara goma a kan dala miliyan 240, lokacin babu mai bugu kamarsa. Ƙarfinsa ya yi ta raguwa, ƙungiyar ba ta ci ko wasa ɗaya a zagayen fitar da gwani ba duk tsawon zamansa, a watan Mayun 2021 kuma ta sallame shi kafin wa'adin ya cika.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ake mantawa da ita. Matashi ana iya mayar da shi ƙaramar gasa, inda ake renon 'yan wasa, a dawo da shi cikin kakanni uku ba tare da wata ƙungiya ta ƙwace shi ba, amma wanda ya cika shekara biyar a babbar gasa yana da ikon cewa ba zai koma ba. Saboda haka tsohon hannun da ya daina taɓuka abu yana cin albashi, yana kuma tare gurbi ɗaya cikin 26 ɗin nan.

Ita Orioles ai ta gwada. A farkon 2024 ta bayar da matasa biyu ta karɓo mai jifa Corbin Burnes daga Milwaukee, ya yi aikinsa yadda ya kamata, amma a wasanni biyun da ta yi da Royals maki ɗaya tak ta samu. Masu bugu ne suka yi sanyi, Burnes kuwa da kaka ta ƙare ya tafi Arizona.

Malamar Gyallesu ta amsa:

Alhaji, a gafarce ni, akwai abin da ba a taɓo ba, wato ba kullum ne cancanta take yanke ranar da za a ɗaga matashi zuwa babbar gasa ba. Kwana 172 a babbar gasa su ne ake lissafawa shekara guda, kuma sai ɗan wasa ya cika shekara shida yake samun 'yancin tafiya inda ya ga dama. A 2015 Chicago Cubs ta ajiye Kris Bryant a ƙaramar gasa har zuwa 17 ga Afrilu, duk da kowa ya ga ya isa, sai ya gama kakar da kwana 171. Kwana ɗayan nan ya ba ƙungiyar ƙarin shekara guda a kansa. An kai ƙara a madadinsa, ya yi rashin nasara a 2020. Yarjejeniyar 2022 ta kawo ɗan gyara, ta yadda ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen matashi, ya kuma zama gwarzon sababbin shiga, za ta samu ƙarin dama a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi suke yi duk shekara, kamar yadda Seattle ta samu saboda Julio Rodríguez.

Gaggawa ma tana da nata illar, kuma misalin yana gidanka, Ɗan Samaru. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga Jackson Holliday yana ɗan shekara 20, ana yi masa kallon matashin da ya fi kowa, amma cikin dama 34 bugu biyu kawai ya yi masu amfani, aka mayar da shi Triple-A, matakin ƙoli na ƙaramar gasa, kafin watan ya ƙare.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Malama, batun kwana 172 ɗin nan ya sa zan riƙa duba ranar da aka ɗaga kowane yaro. Alhaji kuma, idan doguwar yarjejeniya ce matsalar, yaya kake ganin shekara goma da dala miliyan 700 da Los Angeles Dodgers ta ba Shohei Ohtani a Disambar 2023, alhali a kakarsa ta farko suka ɗauki kofi?