Rediyon mahaifina mai bawul yana ƙugi, shin kwalaben zan canza?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gaji wani rediyon Philips na shekarun 1950 daga mahaifina, irin mai akwatin katako da kwalabe (wato bawul na gilashi masu ƙara ƙarfin sauti) a ciki, wanda ya fi shekara 30 a ajiye. Jiya na kakkaɓe masa ƙura na jona shi da wuta. Kwalaben sun yi ja, koren idon nan na gaba mai nuna an kama tasha ya haska, amma maimakon magana sai wani ƙugi mai kauri da ba ya raguwa ko na rage murya, kuma bayan 'yan mintuna na ji ƙauri, sai na zare. Shin kwalaben ne suka mutu?

Wani dattijo mai gyara:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sake jona shi, kuma ka bar kwalaben nan su huta, domin galibi ba su ne masu laifi ba. Ƙugin da bai damu da makunnin murya ba daga babban kafasiton da ke tace wuta yake fitowa, wancan gwangwanin alminiyom da ke tsaye kusa da taransifoma, wanda ruwan cikinsa yake bushewa idan ya daɗe a ajiye. Ƙaurin ne ya fi damuna. Akwai ɗan ƙaramin kafasito na takarda da kaki da ke kai sauti zuwa kwalbar ƙarshe, wadda a irin waɗannan rediyo sau da yawa EL84 ce. Idan ya tsufa sai ya riƙa yoyon wuta, kwalbar ta ja wuta fiye da ƙima har ta ƙona taransifoman lasifika, shi kuwa samunsa wuya gare shi. Ka fara canza wannan ƙaramin kafasiton da sabo mai ɗaukar bolt 630, sannan sauran na takarda, ɗaya bayan ɗaya, kana ɗaukar hoto kafin ka narkar da dalma.

Wani ɗan'uwa:
Malam, ina ƙara maka gargaɗi kan maganar dattijo. Cikin rediyon nan akwai wutar da ta kai bolt 250, kuma gwangwanin yana iya riƙe ta ko bayan an zare waya, saboda haka ka auna da mita tukuna. Ranar gwaji kuma ka sa kwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar wuta, ta yadda wutar za ta bi ta cikin kwan kafin ta shiga rediyon: idan ya haska sannan ya dushe, lafiya, idan ya tsaya da haske sosai, ka kashe nan take.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na buɗe ƙasan, na ga kafasito biyu sun tsage, kakinsu ya zubo kamar kyandir. Gilashin tashoshin ma ya yi dauɗa, ko in wanke shi?

Dattijo:
Fuskar waje kawai za ka goge, ɗana. Sunayen tashoshin a bayan gilashin aka buga su, kuma ni da hannuna na taɓa shafe rabinsu da jiƙaƙƙen tsumma, don haka bayan sai burushi mai laushi, a bushe.