G League ɗin nan, ajin 'yan dagaji ne na NBA ko me?

Ɗan_Benci:
Salamu alaikum. Yayyena masu bin ƙwallon kwando, ku taimaka min. Na karanta cewa Pascal Siakam ya buga a G League, Gabe Vincent na D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, ma haka. Shin gasar kamar Championship ta Ingila take, wadda ta ci kofi ta hau NBA, ta ƙarshe a NBA ta faɗo? Kuma G ɗin na mene ne?

Baban_Kwando:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cire lissafin ƙwallon ƙafa daga ranka tukuna. A NBA babu hawa babu faɗowa. Ko ƙungiya ta sha kashi duk kaka tana nan daram, ko ta G League ta lashe kofi sau goma a jere ba inda za ta. Abin da ke hawa da sauka shi ne ɗan wasa.

An kafa gasar a 2001, zamanin da David Stern ke shugabantar NBA, da sunan NBDL. Ƙungiyoyi 8 ne kacal, dukkansu a ƙananan biranen kudu maso gabashin Amurka, irin su Asheville da Mobile da Roanoke. Greenville Groove ce ta fara ɗaukar kofin a 2002. A 2005 aka mayar da sunan D-League, aka kuma ba ƙungiyoyin NBA damar tura yaransu da ke ɗumama benci su je su samu wasa. G ɗin da kake tambaya ba wani sirri ba ne, talla ce: kamfanin abin sha na Gatorade ya zuba kuɗi a 2017, aka sa harafinsa.

Da farko ƙungiyoyin NBA da dama kan haɗa kai a kan ƙungiya ɗaya, kowa na son a sa nasa yaron, koci ya rasa wa zai bi. Lakers ce ta fara mallakar tata a 2006. Sauran suka yi ta bi a hankali, har kakar 2024-25 da Phoenix Suns ta kafa Valley Suns, duka 30 ɗin suka zama kowacce da tata. Ta 31 ita ce Capitanes ta birnin Meziko, wadda ba ta ƙarƙashin kowa.

Tsarin kakar ne ke rikita mutane. Ana farawa a Nuwamba da wata 'yar gasa, a ƙarƙare ta a Disamba da taron da ake kira Winter Showcase, inda ake tara ƙungiyoyin wuri guda, masu farautar 'yan wasa su zauna su yi ta rubutu. Daga nan sai a goge allo, kowa ya koma sifili, a fara ainihin kakar. Zagayen neman kofi sili ɗaya ƙwale ne, sai na ƙarshe da ake neman wanda zai riga cin wasa biyu cikin uku.

Siakam da ka ambata, ɗan Kamaru, shi ne gwarzon wasannin ƙarshe lokacin da Raptors 905, ƙungiyar Toronto Raptors a gasar, ta ci kofi a 2017. Shekara biyu bayan nan ya ɗaga kofin NBA da Toronto, kuma kocinsu Nick Nurse shi ma daga can ya fito, ya ci kofin ƙaramar gasar a 2011 da 2013. Amma ni wanda ya fi tsaya min a rai Andre Ingram ne. Shekara goma yana buga gasar nan, sai a Afrilun 2018 Lakers ta kira shi, yana da shekara 32, furfura ta fara fito masa. Wasansa na farko ya zuba maki 19.

Hajiya_Maki3:
Malam, ka tsallake dokokin, alhali su suka sa nake kallo. Can ne NBA ke gwada sabon abu kafin ta ɗauka. Damar da koci ke da ita ta cewa a sake duba hukuncin alƙalin wasa a bidiyo, a can aka fara ta. Tun 2019 kuma, in aka yi maka keta kana jefa ƙwallo, jifa ɗaya tak ake ba ka, ya tsaya a madadin maki biyu ko ukun. In ka ɓarar, ka ɓarar da duka. Sai a minti biyu na ƙarshen wasa ake komawa yadda aka saba. Ka ga fuskar yaro a kan layin nan yana riƙe da maki uku a jifa ɗaya, sai ka tausaya masa.

Ɗan_Benci:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. To kuɗi fa? Suna samu?

Baban_Kwando:
Nan ne gizo ke saƙa. A kakar 2018-19 albashin gama-gari dala 35,000 ne na kaka guda, a 2022 ya kai 40,500. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga NBA kuwa ya haura dala miliyan ɗaya. Shi ya sa kowa idonsa na kan waya, ko kwantiragin kwana 10, ko kwantiragin da ke ba ka damar bugawa nan da can, wanda aka kawo a 2017. Da irinsa Gabe Vincent ya shiga Miami Heat a 2020. Kowace ƙungiyar NBA tana da gurbi uku na wannan tun 2023.

Abin da ke ɓata wasan ma ke nan a ganina. Yaro ya san ƙididdigarsa ake kallo, sai ya riƙe ƙwallo, tsaron baya kuwa oho. Kana tsaka da son ƙungiya sai a kira gwaninta sama ana saura kwana biyu babban wasa.

Na_Gefe:
Ban yarda da maganar son kai gaba ɗaya ba, Malam. Wanda ake kira sama ba shi zai je ya zama tauraro ba, ana neman mai tsaro ne da mai jefa na maki uku in an miƙa masa. Masu wayo sun gane hakan. Kuma ba ka faɗi Ignite ba, ƙungiyar da aka kafa a 2020 don yaran da ba sa son bi ta jami'a. Jalen Green da Jonathan Kuminga da Scoot Henderson duk ta nan suka fito. Da aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗin talla a 2021, sai kasuwarta ta mutu, aka rufe ta a 2024.