An karɓi kuɗin kujera ba a ba ni kujerar ba, wannan ba sata ba ce?

Maman Hanifa: Salam jama'ar gida, ku bar ni in huce a nan don raina a ɓace yake. Hutun yara muka je Malaga ta ƙasar Sifen daga Manchester a jirgin arahan nan, ba zan faɗi kamfanin ba saboda dokar admin. Tikiti kam araha, amma na ƙara fam 14 kan kowace kujera guda uku don mu zauna tare da yara, na kuma biya firayoriti wai mu riga kowa shiga. Ranar dawowa layinmu aka fara kira ina ta murna ashe bas za mu shiga, mu aka cusa can ciki sauran suka tsaya bakin ƙofa, da bas ya tsaya gindin jirgi su suka fara sauka mu ne na ƙarshe. Na shiga kuma aka ce an canza jirgi, ni layi na 9, Hanifa mai shekara 7 layi na 24 tsakanin wasu ƙarti biyu tana ta waige ido ya ciko, sai da wani tsohon Bature ya tausaya ya yi mana musanya. Imel uku na tura har yau shiru. Wallahi wannan sata ce tsirararta.

Abu Sumayya: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, amma a gyara kalma. Sata a fiƙihu ɗaukar dukiya ce a ɓoye daga ma'ajiyarta, kuma sai ta kai nisabi, rubu'in dinari. Ke da hannunki kika danna kika biya, ina ɓoyon yake?

Maman Hanifa: Malam ni ba fatawa na zo nema ba, fam 42 ɗina nake nema.

Baban Khalil: To Malam in ba sata ba mece ce, kyauta? 😂

Abu Sumayya: Saɓa alkawari ne, in an tsananta a ce ha'inci. Kowane laifi da sunansa.

Anti Nas: Bahaushe dai in ɗan kamasho ya karɓi kuɗin gaba a tashar Unguwa Uku, kai kaɗai ka biya kujera biyu don ka miƙe ƙafa, sannan a Kwanar Ɗangora direba ya tsaya ya cuso maka wani a gefe, ɓarawo muke ce masa, babu mai tsayawa lissafin dinari.

Injiniya: Duk kun bar gini kuna ta tono. Wa ya karanta ƙa'idojin kafin ya danna na yarda? A rubuce yake cewa suna iya canza maka kujera in an canza jirgi, abin da ya rage ki cike fom ɗin neman mayar da kuɗi a manhajarsu, imel ba mai duba shi. Kasuwancin nan a kan jaka da kujera yake cin riba, tikitin ɗan tayi ne kawai. Araha ba ta ado, wanda ya hau jirgin talakawa ai ya san abin da ya saya.

Anti Nas: Jirgin su wa?? Injiniya maimaita.

Baban Khalil: Tab, yau mun zama talakawa. Kai da na gani a filin jirgin Stansted sanye da riga uku da jaket biyu cikin zafin Yuli don kada jakarka ta ƙi shiga ƙarfen awon nan, har kana danna ta da gwiwa tayar ta maƙale?

Injiniya: Dabara ce wannan, kuma ko kwabo ban ƙara musu ba. Ni ban taɓa sayen kujera ba, inda suka ajiye ni nan nake zama, awa uku ce ba aure ba.

Anti Nas: Don ba ka tafiya da yara ne, Maman Ilham ke fama da su kai kana gaba da lasifika a kunne.

Injiniya: Anti a bar iyalina a gefe don Allah.

Ɗan Damagaram: Ni nan Faransa kullum da su nike tahiya, in ka sayi biye ka ɗauki hoton komi ka aje. Dokar Turai mai lamba 261 tana ba da Yuro 250 har 600 in jirgi ya yi jinkirin awa 3 ko an hana ka shiga, amma ba ta zancen kuɗin kujera ba.

Baban Khalil: Biye kuma? Wace ce Biye, amarya ka yi ba labari? 😂

Ɗan Damagaram: Tikiti naku Hausa ne? Ku kun aro wajen Ingilishi mu mun aro wajen Faransi, bashi ɗaya ne ke kanmu.

Anti Nas: Ku tsaya, mai cewa ba sata ba ce ya ji wannan. A Nuwamba 2024 gwamnatin Sifen ta ci tarar kamfanonin araha biyar Yuro miliyan 179, Ryanair da Vueling da easyJet da Norwegian da Volotea, kuma cikin laifukan har da karɓar kuɗin jakar hannu da kuɗin zama kusa da yaro ko mai buƙatar taimako. Gwamnati guda ta ce zalunci ne.

Injiniya: Sun garzaya kotu ai, kuma tarar kan karɓar kuɗin ce tun farko, ita Hajiya kukanta an karɓa ba a cika ba, magana biyu ce.

Abu Sumayya: Kin ga ke ma zalunci kika ce, ba ki ce sata ba. Mun dawo kan maganata.

Ƙanwar Gida: Yaya da wane kati kika biya? In katin bashi ne akwai sashe na 75 a dokar Ingila, abin da ya haura fam 100 banki ma yana da alhaki, in katin ciro kuɗi ne ki ce bankinki su janyo miki kuɗin, sai dai ki aje risit da takardar shiga jirgin da ke nuna layi na 24.

Abu Sumayya: Katin bashi? Subhanallah, yanzu riba muke tallatawa a gidan nan?

Ƙanwar Gida: Malam in ka biya kafin wata ya cika ba a ɗora maka ko sisi.

Abu Sumayya: Sharaɗin ribar yana cikin yarjejeniyar da kika sa wa hannu, a nan matsalar take.

Baban Khalil: Wato ita ribar tun a takarda ta zama riba, amma kuɗin Hajiya da aka lamushe ido na ganin ido bai zama sata ba sai ya kai dinari. Malam ka kyauta.

Abu Sumayya: Ba na jayayya da mai izgili. Na yi shiru.

Admin: To ya isa haka, saƙo ya yi yawa mutane na wurin aiki. Abin da aka cimma: yawancin 'yan gida sun gamsu cewa laifin na rashin karanta ƙa'ida ne kamar yadda Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sayen kujera da firayoriti asarar kuɗi ce, ni ma shekara shida ban taɓa saye ba. Kalmar sata a janye ta. Maganar katin bashi a kai wa malamai. Baban Khalil gargaɗi na ƙarshe.

Anti Nas: Yawancin su wa? Kai da Injiniya unguwarku ɗaya a Zariya shi ya sa.

Maman Hanifa: Ban janye ba. Ƙanwata turo min yadda ake yin na bankin ta bayan fage, katin ciro kuɗi ne.

Ɗan Damagaram: Wai akwai mai zuwa Kano satin nan da ragowar kilo a jaka? Saƙo gare ni ɗan kaɗan.