Motar da ake kwana a cikinta: wane suna za mu ba ta da Hausa?

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake nema, kuma ina jin na same ta, amma ina so ku duba ku sa albarka.

Ƙanena ya gama karatu a jihar Indiyana ta Amurka. Yana so kafin su dawo gida ya zaga ƙasar da matarsa da yaransu biyu. Ya turo mini saƙon murya: "Yaya, haya zan ɗauka, ko in sayi ta hannu in sayar idan mun gama?" Ina sauraro, Hajiyarmu na gefe a kan tabarma tana tsinke zogale. Ta ɗago kai ta ce, "Me zai saya?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai motorhome. Ta ce in yi mata Hausa. Na yi ta kwatance da hannu, ga gado nan, ga murhu can, ga banɗaki a baya. Ta gane, amma suna bai samu ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin uwa na da haƙƙin jin inda jikokinta za su kwana da harshen da ta yi mana reno.

2/
Bari mu san abin tukuna. Mota ce mai injinta da sitiyarinta, amma daga bayan kujerar direba sai gida: gadaje, teburi, firji, risho na gas, wurin wanka da masai. Tana ɗauke da tankuna uku, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bahaya. A Amurka sun kasa ta aji uku. Ajin A mai girman bas. Ajin B ƙaramar bas ce da aka mayar da cikinta ɗaki. Ajin C kan ƙaramar babbar mota ne, galibi ƙirar Ford, aka ɗora masa ɗaki, da gado a saman kan direba. Ita ce masu haya suka fi bayarwa, ita ce kuma ƙanena yake nufi.

Ku riƙe wannan: da kanta take tafiya. Akwai 'yar'uwarta marar inji wadda ake ɗaurawa a bayan wata mota a ja. Duk sunan da za mu zaɓa, ya kamata ya bar mana hanyar raba su.

3/
Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne motar gida. Ni ma shi na fara faɗa wa Hajiya, sai ta ce, "To ai yana da motar gida." Ta yi gaskiya. A wurinmu motar gida kishiyar motar haya ce, wadda mutum ke kai yara makaranta da ita. Sunan na da mai shi. Kuma ku gwada shi a tambayar ƙanena: "zan yi hayar motar gida." Wanda ya ji zai ɗauka shata za a ɗauka zuwa biki.

Gidan mota kuma gareji zai kawo wa mutum a rai, ko wurin dillalai.

4/
Na sha ganin an rubuta ayari a wasu fassarori. Kuskure ne mai dalili. Turawan Ingila na kiran wadda ake ja ɗin caravan, kalmar da suke kiran ayarin raƙuma da ita, sai mai fassara ya bi ƙamus ido rufe. Ayari jama'a ne, da madugu da jaji da dabbobi da kaya. Mota guda ba ta zama ayari.

Tirela ma ba ta kama ba. Tirela a kunnen Bahaushe ita ce mai ɗaukar siminti da shanu.

5/
Madalla da masu amsawa. Wani bawan Allah daga Maraɗi ya ce su can da Faransanci suka san ta, camping-car, don haka a hausantar kawai. Malam, ba na ƙin aro. Mota, taya, birki, duk aro ne, kuma sun zauna daram. Amma aro yana kama ƙasa ne idan abin na yawo a gaban mutane kullum, kunne ya saba. Wannan motar ba kasafai ake ganinta a hanyoyinmu ba. Idan na ce wa Hajiya motahom, ku kuma can ku ce kamfinka, mun raba Hausa biyu a kan abin da har yanzu sai an sake yi mata bayani. A nan kayan aro bai rufe katara ba. Jamusawa da nasu suka gina, suka ce Wohnmobil, daga kalmarsu ta zama a gida.

Wata 'yar'uwa ta ce a yi mata irin ta Omo da Maggi, a kira ta da sunan kamfani. Amurkawa sun yi haka da Winnebago, kamfanin garin Forest City a jihar Iowa, wanda aka kafa a 1958 ya fitar da irin wannan mota ta farko a 1966. Amma mu Omo mun yi wanki da shi kafin ya zama suna.

6/
Wanda ya fi burge ni shi ne na dattijon da ya ce kunkuru. Baba, Allah ya ƙara girma, hoton ya fita sarai: halitta mai tafiya da ɗakinta a baya. Na juya shi kwana guda. Abin da ya hana ni shi ne, wanda ya ji an ce wa mota kunkuru, rashin gudu zai fara tunawa kafin ɗaki. Zai yi kyau a matsayin laƙabi, irin wanda 'yan tasha ke raɗa wa motoci. A labari ko takardar ciniki ba zai tsaya da ƙafarsa ba.

Wani ya ce ruga mai taya. Ruga mazauni ne na dangi da garke, ta fi ƙarfin ɗaki guda.

7/
Ga nawa: motar tafi-da-gidanka.

Ba ni na ƙirƙira ba, kowa ya san kalmar. Muna cewa wayar tafi-da-gidanka, kotun tafi-da-gidanka, asibitin tafi-da-gidanka. Ku dubi waɗannan ukun da kyau. A cikinsu babu inda ake tafiya da gida na gaskiya. Kwatance muka yi, muna nufin abin da aka san shi a kafe ya tashi yana yawo. Yau ga abin da kalmar ta faɗa baki da baki ya zo: mutum ya tada mota, gadonsa da murhunsa da banɗakinsa na biye da shi. Idan akwai mai haƙƙin wannan suna a duniya, ita ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tana kuma yin duk aikin da ake so kalma ta yi. Jam'i: motocin tafi-da-gidanka. Ba ta sauyawa don mace ce a ciki, kamar yadda ba a cewa kotun tafi-da-gidanki. Idan an riga an san zancen, a yar da motar a ce tafi-da-gidanka kawai. Marar injin kuma ta zama tafi-da-gidanka ta ja, ko ɗakin ja a gajarce.

Masu cewa za a rikita ta da waya, yaushe rabon da ku ji wani a kasuwa ya ce wayar tafi-da-gidanka? Waya ta koma salula, ta koma wayar hannu, yanzu ma waya kawai ake cewa. Gurbin a buɗe yake.

8/
Wani malami ya kawo suka mai ƙarfi, kuma ita ce ta mayar da mu kan tambayar ƙanena. Ya ce idan haya aka ɗauka ai ba gidanka ba ne. Malam, ɗan haya a Kano ko Damagaram cewa yake yi "zan tafi gida", ba wanda ke gyara masa. Gida inda iyalinka suka kwana ne.

Amma sukar ta sa na lura da wani abu. Rabin kalmar nan tafiya ne, rabi gida, kuma haka cinikin yake. Wanda ya sayi ta hannu ya sayi tsohuwar mota da tsohon gida a dunƙule, kowanne da ciwonsa. Bahaushe ya iya duba mota: ya buɗe gaba, ya ja sandar mai, ya saurari inji, ya kira bakanike. Mai jin sunan mota kaɗai nan zai tsaya. Mai jin gidanka zai tuna da rufi, kuma rufin ne ke kashe waɗannan motoci. Saman cike yake da mahaɗa, wurin na'urar sanyi, wurin tagar iska, kowacce an liƙe ta da danƙon da rana ke busarwa ya tsage. Ruwa ya shiga a hankali, katakon cikin bango ya ruɓe, fatar waje ta kumbura ta rabu da shi. Inji lafiya lau, gida ya mutu. Don haka na ce wa ƙanena, duk wadda zai duba ya taka kowane lungu na daɓen ya ji ko yana lotsawa, ya buɗe durowoyin sama ya shinshina, ya nemi tabon ruwa a kusurwa, kamar mai duba soro bayan damina.

Sai taya. Irin wannan mota ta fi daɗewa a ajiye fiye da a hanya, sai ka ga zanen taya sabo fil alhali robar ta tsufa. A gefen kowace taya akwai lambar da ta fara da DOT, alƙaluma huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira. Idan ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Wadda ta haura shekara shida zuwa bakwai abar tsoro ce, ga shi ajin C taya shida gare ta.

9/
Haya kuma kuɗinta ba a kan dare kaɗai yake ba. Kamfani irin Cruise America, wanda ke wannan sana'a tun 1972, yana lissafin dare daban, tazarar da ka yi daban, awannin da janareta ya yi daban. Idan ka ɗauka a wani gari ka ajiye a wani, akwai ƙarin kuɗi. Abin da ka saya da wannan tsadar shi ne kwanciyar rai: ta lalace a hanya, nasu ne, ka gama, ka miƙa makulli.

Mai saye yana biyan harajin ciniki a yawancin jihohi, da rajista da inshora, waɗanda ke buƙatar adireshi a ƙasar. Sannan babbar matsala tana ƙarshe. Ana tafiyar nan da zafi, a gama dab da sanyi, lokacin da masu saye suka ja baya. Mutumin da tikitin jirginsa ke aljihu ba shi da bakin ciniki, abin da aka taya shi zai sallama. Idan kuma ta kai hunturu a hannunsa a Indiyana, sai ya tsiyaye bututan ruwa, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su.

Man fetur kuwa duka biyun sai sun sha shi. Ajin C na cin kamar lita 24 zuwa 30 a kilomita 100. Tsohuwar hanyar nan mai lamba 66, daga Shikago zuwa Santa Monika, kusan kilomita 3,940 ce, wato kamar Kano zuwa Legas sau huɗu. Zuwa kaɗai ya kai lita dubu.

A ganina, tafiyar makonni haya ce tata. Saye sai ga mai watanni da yawa, mai hannun gyara, wanda kuma ba ya gaggawar sayarwa. Ƙanena yana zaune kusa da garin Elkhart, inda ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motoci a Amurka, ta hannu ba ta yi masa wuyar samu ba. Amma mako biyar gare shi, kuma ranar tashinsu a yanke take. Na ce masa ya ɗauki haya.

10/
Kalma ɗaya ta zo mana kyauta. Filin da ake biya a kwana, a jona wuta da ruwa, sunansa zango. Nan fatake ke sauke kaya su kwana, daga nan unguwannin zango na Kumasi da Akara suka samo suna. Ba mai buƙatar a yi masa bayani.

Da yamma na koma wurin Hajiya na ce, "Ya fasa saye. Hayar motar tafi-da-gidanka zai yi, su riƙa kwana a zango." Ba ta tambaye ni ma'anar komai ba. Cewa ta yi in tambaye shi ko ruwan cikin zai ishe su alwala da wankan yara, kuma ina suke zubar da wanda suka ɓata.

Tambayarta ta biyu ita ce ta rage mana. A zangunan akwai wani rami mai murfi inda ake jona tiyo a juye tankunan nan biyu, na bahaya tukuna, sannan na wanka ya bi ya ɗauraye tiyon. Na rubuta tankin masai da tankin wanka, waɗannan ina jin sun zauna. Ramin ne nake juyawa tsakanin majuya da mazubar tanki. Masu aikin famfo da direbobin motar kwashe masai, ku kuka fi kusa da abin, me za ku kira shi?